Turbo a Bayan Mota: Amfaninsa da Wahalarsa a Hanyoyinmu

A hutun da ya wuce wani tsohon ɗalibinmu, wanda yake koyon kanikanci a Panteka, ya kawo mini ziyara. Ya nuna mini hoton wata mota da aka ɗaura wa turbo a ƙarƙashin but, daidai wurin da salansa take zama. Tambayarsa ita ce, ko zai iya yi wa tsohuwar Peugeot 504 ta kawunsa irin wannan aiki? Na ga amsar za ta amfani sauran ɗalibai, musamman masu sha'awar aikin inji, shi ya sa na rubuta ta a nan.

Da farko, mene ne turbo? Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san gawayi ba ya yin ja sai an hura shi da zugazugi. Haka injin mota yake. Mai ba ya ƙonewa sai da iska, kuma ƙarfin inji ba ya wuce yawan iskar da ya shaƙa. Turbo zugazugi ne wanda hayaƙin injin da kansa yake hurawa. Farfela biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙi mai zafi yana juya ta ɗaya, ɗayar kuwa tana matsa sabuwar iska cikin inji. Sukan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1905, amma ba ta shiga ƙananan motocin kasuwa ba sai 1962 a Amurka. Motocin 504 da kamfanin Peugeot ya yi ta harhaɗawa a Kakuri bayan buɗe shi a 1975 ba su zo da turbo ba.

Bisa ga al'ada, turbo yana manne da inji ne domin ya sami hayaƙi tun da zafinsa. Kai shi baya ba sabon abu ba ne. Jirgin yaƙin Amurka P-47 Thunderbolt, na Yaƙin Duniya na Biyu, injinsa yana gaba, turbonsa yana bayan matuƙi. A farkon shekarun 2000 wani kamfani a jihar Utah, Squires Turbo Systems, ya shahara da sayar da irin wannan haɗi ga masu gyara motocinsu don gudu.

Amfanin da suke faɗi gaskiya ne. Motar da ba a ƙera ta da turbo ba sau da yawa ba ta da wurinsa a cikin bonet, amma a baya akwai fili. Zafin turbo, wanda yakan gasa wayoyi da robobi, ya yi nesa da inji. Iskar da aka matsa takan yi zafi, to doguwar tafiyar da za ta yi a bututu zuwa gaba tana ɗan sanyaya ta. Turbon kuma yana rage ƙarar hayaƙi, har wasu sukan cire salansa gaba ɗaya.

Sai dai wannan nisa yana da farashi. Kafin hayaƙi ya kai baya ya huce, ƙarfinsa ya ragu, ga dogon bututu da sai an cika shi da iska. Saboda haka direba yakan taka totur ya ɗan jira kafin ƙarfin ya zo. Wanda ya fito zai wuce tirela a hanyar Kachia ya san abin da daƙiƙa ɗaya take nufi.

Matsala ta biyu baƙin mai ne. Turbo yana shan baƙin man inji domin kada sandarsa ta ƙone. Idan yana manne da inji, man yakan gangara da kansa ya koma kwanonsa. A baya kuwa babu gangare, dole a sa famfon lantarki ya riƙa mayar da shi. Ranar da famfon ya mutu, ko waya ɗaya ta tsinke, man zai taru ya ɓulla cikin hayaƙi. In direba bai lura da shuɗin hayaƙin da yake binsa ba, mai zai ƙare, inji ya buga.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ƙasarmu. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan haɗi suna tafiya ne a kan kwalta mai santsi. Mu fa? Ku tuna hanyoyin unguwanninmu, daga Mararraban Rido zuwa ciki, a watan Agusta. Ƙarfen da ya ɗauki zafi ƙwarai idan ya faɗa cikin ruwan sanyi yana iya tsagewa. Mafi muni, matatar iska takan zauna kusa da turbon, wato ƙasa-ƙasa. Idan ta zuƙi ruwa a kududdufi, ruwan zai shiga inji, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai ya lanƙwasa sandar fistan. Da rani kuma jar ƙurar da tayoyin baya suke tayarwa ita turbon zai sha, ga ta hunturu a kai. Ƙura tana cin farfela mai irin wannan gudu kamar yadda dutsen niƙa yake cin hatsi. Ban ma yi zancen duwatsu da tudun rage gudu ba, waɗanda ko salansa ba su bari ba.

Akwai kuma abin da samari sukan manta. Ƙarin iska yana bukatar ƙarin mai, in ba haka ba fistan zai ƙone, kuma kafiretar 504 ba a yi ta domin iskar da aka matsa ba. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Birki da tayoyi da lagireto duk an auna su ne da ƙarfin injin na asali.

Na ce wa ɗalibina ya bar motar kawunsa yadda Kakuri ta ƙera ta, gama da ita ake kai masara kasuwa. In yana so ya san turbo, ya roƙi maigidansa wani mataccen turbo na babbar mota, ya kwance shi, ya ga farfelun da idonsa. Ya yi alkawari zai kawo mana shi ɗakin gwajin kimiyya a zango mai zuwa.