Kalmar «home» ta Ingilishi: me take nufi, kuma yaya ake amfani da ita?

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sanya Ingilishi cikin harsunan aiki a Nijar, tare da Faransanci, jama'a sun ƙara maida hankali ga wannan harshe. Da ma ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Ƙonni sun saba cin karo da shi a Katsina, Kano da Sakkwato. Ɗaya daga cikin kalmomin da aka fi gamuwa da su ita ce «home». Tana kan salula, tana cikin takardun da ake cikawa, tana bakin masu sharhin ƙwallo.

A lakwal an saba fassara ta da «maison». A nan ne ruɗani ke farawa, domin kalmarmu ta «gida» ta fi kusa da ita nesa ba kusa ba.

Da farko, furuci. Ana cewa «hom», a ja wasalin kaɗan, ba a furta harafin ƙarshe. Amma dole a fito da «h» sarai, kamar a cikin «hoto». Wanda ya haɗiye ta irin na Faransanci, abin da zai fito shi ne «homme», wato namiji.

Ingilishi yana da kalmomi biyu inda Hausa ke da ɗaya. «House» shi ne ginin: bango, rufi da ƙofa, abin da magini ke ɗagawa. «Home» kuwa wurin da mutum ke zaune ne da iyalinsa, inda yake komawa in rana ta faɗi. Attajiri na iya mallakar gidaje goma a Yamai, dukansu «house» ne, amma wanda yake kwana ciki shi ne «home». Ɗaki ɗaya na haya, ko bukkar makiyayi, su ma «home» ne ga masu zama cikinsu.

Kalmar tsohuwa ce. A tsohon Ingilishi ana cewa «ham», da ma'anar mazauni ko ƙauye, kuma ita ce ta rage a ƙarshen sunayen garuruwa irin su Birmingham da Nottingham. Haka mu ma muke da Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Kalmar «hameau» ta Faransanci, wato ƙaramin ƙauye, daga tushe ɗaya suka fito.

Wajen haɗa jimla ma Hausa tana taimako. Muna cewa «zan tafi gida», ba tare da saka wata kalma a tsakani ba. Haka Ingilishi yake: «go home». Wanda ya biyo ta «à la maison» shi ne ke kuskuren cewa «go to home». In kuwa ana nufin mutum yana gida, sai a ce «at home».

Inda ya kamata a yi hattara sosai shi ne takardu. Ɗalibin da ke neman jami'a a Najeriya, ko mai neman biza, zai tarar da gurabe masu kama da juna. «Home address» adireshin inda kake zaune yanzu ne. «Hometown» garinka na asali. «Home country» ƙasarka. Mutumin Tawa da ke aiki a Yamai zai rubuta Yamai a gurbin farko, Tawa a na biyu, Nijar a na uku. In aka cakuɗa su, bayanan na iya saɓa wa na fasfo ko katin ɗan ƙasa, takardar ta makale.

Kamar yadda muke cewa «labarun cikin gida» muna nufin ƙasa, haka ma a Ingilishi. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1782, sunanta «Home Office», kuma ita ce ke kula da biza da shige da fice. A Amurka, ma'aikatar tsaron cikin gida da aka kafa a 2002, bayan harin 11 ga Satumba 2001, tana ɗauke da kalmar «homeland», wato ƙasar haihuwa.

A ƙwallon ƙafa, «home» ita ce ƙungiyar da ke karɓar baƙi, abin da Faransanci ke kira «à domicile», kishiyarta kuma «away». A shekarun baya Mena ta buga wasu wasanninta na gida a Maroko, amma a takarda ita ce «home», ko da yake ba a filin Seyni Kunce aka buga ba. A salula da intanet kuwa, ɗan hoton gidan nan shi ne «home»: shafin farko, wanda Faransanci ke kira «accueil». In ka ɓace cikin waya, shi za ka taɓa ka koma mafari. Aikin da malami ke ba yara su yi a gida shi ne «homework», wanda ba shi da wurin kwana kuma «homeless».

Sai dai ba kowane «gida» ba ne «home». Gidan mai, gidan rediyo da gidan kaso kowanne da sunansa daban. Kuma in Bature ya ce an kai mahaifiyarsa «a home», ba gidan ɗanta yake nufi ba, gidan kula da tsofaffi ne.

Saboda haka, in kun ci karo da kalmar, ku fara gwada «gida» kafin «maison». In ana maganar gini ne, «house» ake nufi. In ana maganar inda mutum ke zaune, ko inda ya fito, to «home» ce.