ƘWARƘWATAR DABBOBI DA YADDA TA KE ZAMA A JIKINSU

Ya ku manoma da dagatai, in kun ga maraƙi ko ɗan akuya yana ta goga jiki da bango, gashinsa yana zuba, to, ku buɗe gashin wuya da na gindin wutsiya ku duba. Sau da yawa ƙwarƙwata ce.

Ku sani iri biyu ce. Ɗaya tana da kai mai tsini, da shi ta ke huda fata ta sha jini. Ɗayar kuwa mai faɗin kai ce, tana cin ɓawon fata da gashi. Dukansu ba su da fiffike, ba su kuwa tsalle kamar ƙuma. Jikinsu shimfiɗaɗɗe ne, domin su ratsa tsakanin gashi, su lafe da fata. Ƙafafunsu shida ne, kowace da ƙambori mai lanƙwasa wanda ke kama silin gashi kamar yadda hannu ke kama ƙotar fartanya.

Wannan ƙambori daidai ya ke da kaurin gashin dabbar da ta saba da ita. Yana cikin dalilan da suka sa kowace dabba da tata ƙwarƙwata. Ta saniya ba ta zama a jikin jaki, ta raƙumi dabam, ta mutum kuma dabam. Sai dai tumaki da awaki su kan yi tarayya a wani iri.

Macen ta kan manne ƙwanta a silin gashi da wani danƙo wanda ruwa ba ya wanke shi. Ɗumin jikin dabbar ne ke ƙyanƙyashe shi cikin mako 1 zuwa 2. 'Yar ta kan sāke fata sau 3, sa'an nan ta girma ta fara nata ƙwai. Amma in ta faɗo ƙasa, yunwa ta kan kashe ta cikin 'yan kwanaki. Watau ba daga ƙasa ta ke fitowa ba, daga dabba ta ke ƙetarewa zuwa dabba, a garke, ko a bakin rijiya, ko a kasuwa.

Dabba mai ƙoshi ta kan rage ta da lasa. Ramammiya ita ce ta fi shan wahala, musamman a ƙarshen rani sa'ad da ciyawa ta ƙare. Jini ya ragu, ƙanana su mutu, susa kuma ta ɓata fata, har ta jar akuyar Sakkwato ta faɗi daraja wajen masu saye.

Saboda haka ku ware sabuwar dabba ku duba ta kafin ta shiga garke. Kada ku cunkushe su wuri ɗaya. Ku tanadi harawa tun da kaka. In ƙwarƙwata ta bayyana, ku nemi magani wurin malamin dabbobi, a yi wa garken duka rana ɗaya. Bayan kwana 14 a sāke, gama yawancin magunguna ba su kashe ƙwai. Dagaci ya sa maƙwabta su yi tare, kada na wani su mayar wa na wani.