Labarina daga Sumayya zuwa Mainasara: Abubuwan da ya kamata ka sani

A Unguwar Tudu ba kowane gida ke da tauraron ɗan'adam ba, wutar lantarki kuwa sai an ga dama. Duk da haka, da safiyar Asabar za ka tarar da samari a bakin shagon mai cajin waya, kowa da katin memori a hannu, ana jiran a tura masa shirin Labarina na daren jiya. Matan aure kan aiko yara da wayoyinsu. Kafin azahar an gama kallo, an shiga musu.

Yadda aka faro

Malam Aminu Saira ne ya ba da umarni, kamfaninsa Saira Movies ya shirya, aka fara haskawa a 2020 a tashar Arewa24 da kuma YouTube. Shekarar korona ce, mutane na zaune a gida, kasuwar faifai kuma ta riga ta mutu. Dogon zango ba baƙo ba ne a lokacin, don Daɗin Kowa da Kwana Casa'in sun riga shi a tashar. Abin da Labarina ya zo da shi daban shi ne manyan taurarin Kannywood da aikin kyamara irin na sinima, a shirin da ake bi mako-mako.

Zamanin Sumayya

Nan ne zuciyar shirin. Nafisa Abdullahi ta fito a Sumayya, yarinyar da ta tashi a hannun mahaifiyarta cikin talauci, ba ta san mahaifinta ba. Ga Mahmud, wato Nuhu Abdullahi, ga Presido ɗan masu hali, wanda Isa Feroz Khan ya taka. Sai Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu, mayaudarin da ya zo da sunan shi ne uban. Ni dai ban ga wanda ya kai shi ba a duk tarihin shirin. Yadda yake lanƙwasa murya in zai nemi kuɗi, ya marairaice kamar mutumin kirki, kowa a ƙauye ya san wani mai irin halin. Har yau in mutum ya cika ƙarya da roƙo, sunan da ake laƙaba masa ke nan.

Me ya sa fuskoki suka yi ta canzawa?

Shirin da zai ɗauki shekaru yana cin lokacin ɗan wasa, ga aure, ga kasuwanci, ga saɓani. Nuhu Abdullahi ya bar shirin, aka kashe Mahmud a labarin. Daga baya Nafisa ma ta fice, Sumayya ta ɓace na wani lokaci, sannan Fati Washa ta karɓi matsayin. Ta yi ƙoƙari, amma zuciyar mai kallo ta riga ta saba da wata fuska, kuma a nan na ji shirin ya yi sanyi ƙwarai.

Sabon labari, tsohon suna

Maimakon a ci gaba da jan abin da ya gaji, sai aka rufe labarin Sumayya aka buɗe wani. Sadiq Sani Sadiq ya zo a Mainasara, attajirin da ya ɓoye dukiyarsa don ya gane mai sonsa tsakani da Allah, tsakanin Jamila da Maryam. Wannan dabara ce ta dawo da waɗanda suka juya baya. Daga nan Labarina ya zama rumfa, labari ya ƙare wani ya shigo.

Hukumar tace finafinai

A watan Mayun 2025 hukumar ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ana sakin su ba a kawo an tace ba. Rigimar ta fito da wata matsala ta gaske: dokar tacewa an gina ta ne a kan fim guda da ake kammalawa kafin a kai kasuwa, shi kuwa mai dogon zango kowane mako sabon kashi yake fitowa.