Mayar da Ƙaramar Bindiga Kube: Inda Hatsari Ya Ke Ɓuya

Galibin mutane sun ɗauka cewa hatsarin ƙaramar bindiga yana wajen zaro ta ne, sa'ad da faɗa ya tashi. Amma masu koyar da harbi a ƙasar Amurka sun daɗe suna gargaɗi game da wani lokaci dabam, watau lokacin da mutum ya gama abin da ya ke yi, ya zo mayar da ita cikin kubenta. A sa'an nan ne hankali ya kan rabu, hannu yana rawa, bakin bindiga kuwa yana duban ƙafar mai ita. Abin ya yawaita har ya sami suna a can, su kan ce da shi "ƙafar Glock", watau raunin da mutum ya ke ji wa kansa a cinya ko a ƙwauri. Wannan ne ya buɗe kasuwar waɗansu 'yan kayayyaki da a ke saya dabam, a ƙara wa bindiga bayan ta fito daga masana'anta.

Asalin Matsalar

Libarba irin ta da tana da wata 'yar guduma a bayanta wadda ido ya ke gani, kuma kunamarta tana da tauri, sai an sa ƙarfin da ya kai wajen kilo 5 kafin ta tashi. Tsofaffin 'yan sanda su kan ɗora babban yatsa a kan gudumar in za su tura bindiga kube. In wani abu ya sarƙe kunama, sai su ji gudumar tana ɗagowa a ƙarƙashin yatsa, su tsaya cik.

A shekarar 1982 rundunar sojan Ostiriya ta zaɓi wata sabuwar bindiga ta Gaston Glock, mai cin harsashi 17, wadda rabin jikinta roba ne mai ƙarfi. Ba ta da guduma a waje, ba ta kuma da makullin da a ke murɗawa da yatsa. Wata allura ce a ciki mai sifirin ta ke dukan gindin harsashi. Tana da abubuwan tsaro uku, kuma saboda su ko ta faɗi ƙasa ba ta tashi, amma dukansu suna buɗewa da zarar an ja kunama, wadda nauyinta bai wuce wajen kilo 2 da rabi ba. To, ita kunama ba ta san bambancin yatsa da bakin riga ba. Duk abin da ya ja ta, za ta amsa.

'Yan sandan birnin Washinton sun koma ga wannan bindiga a ƙarshen shekarun 1980. A shekarar 1998 jaridar Washington Post ta bayyana cewa a cikin shekara goma bindigoginsu sun tashi bisa kuskure fiye da sau 120, har jami'ai 19 suka harbi kansu ko abokan aikinsu, kuma ta ɗora yawancin laifin a kan ƙarancin horo. Haka kuma sa'ad da 'yan sandan gundumar Los Anjalis suka bar Beretta suka koma ga wata bindiga marar guduma ta Smith & Wesson, irin wannan kuskure ya tashi daga 12 a 2012 zuwa 30 a 2014.

Ba sababbin shiga kaɗai abin ya ke samu ba. A watan Janairu na 2014 shugaban 'yan sandan garin Connersville a jihar Indiyana ya shiga wani kantin bindigogi, ya zaro tasa, ya mayar. Ashe zariyar rigar sanyinsa ta shiga kuben tare da ita. Da ya ja rigar don ya gyara, sai bindiga ta tashi ta same shi a ƙafa. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba.

Kube Shi ne Farko

Abu na fari da masana su ke dubawa shi ne kuben kansa. Na fata in ya tsufa ya kan yi laushi, bakinsa ya lanƙwashe ciki, ya tura kunama sa'ad da a ke danna bindiga. Saboda haka mutane da yawa suka koma ga kube na wata roba mai tauri da a ke kira Kydex, wadda aka fara yi a 1965 don kayan cikin jirgin sama. A kan gasa ta a matse ta daidai da siffar bindigar, ta rufe kunama ruf, kuma bakinta yana nan a buɗe ko babu kome a ciki, ba sai an sa hannu ɗaya an buɗe shi ba.

Amma ba kowane sabon kube ne alheri ba. Akwai wani iri mai makulli wanda sai an danna shi da manuniya kafin bindiga ta fito. Waɗansu makarantun harbi sun hana shiga da shi, don yatsan da ya ke dannawa ya kan zarce ya faɗa kan kunama.

Ƙara wa Kunama Nauyi

Dabara ta biyu ita ce canja sifirin ɗin kunama da wani mai tauri. 'Yan sandan birnin Niyok sun shekara da shekaru suna riƙe da bindigogin da kunamarsu ta kai wajen kilo 5 da rabi, kamar ta libarba. Wannan ya kan rage kuskure, amma yana da nasa lahani, domin jan kunama mai nauyi ya kan karkatar da saiti. A watan Agusta na 2012 'yan sanda biyu suka yi harbi 16 kan wani ɗan bindiga a gaban dogon benen nan na Empire State, suka kashe shi, amma masu wucewa tara suka ji rauni, kuma masu suka da dama sun ambaci nauyin kunamar. A shekarar 2021 rundunar ta fara ba sababbin kurata bindigogi masu kunama mai sauƙi.

Marfin da Ya Maye Gurbin Guduma

Dabara ta uku ita ce ta fi jan hankali. Waɗansu mutum biyu, Tom Jones da marigayi Todd Green, wanda malamin harbi ne, suka ƙago wani ɗan marfin ƙarfe da a ke sa wa a bayan Glock a madadin wanda ta zo da shi. An nemi gudummawar kuɗin yin sa ta intanet a 2015. Hikimarsa ita ce, allurar Glock sai ta ƙara ja da baya kaɗan in an ja kunama kafin ta saki. Wannan marfi yana da 'yar ƙofa da allurar ta ke turowa waje. In mai bindiga ya danne ƙofar da babban yatsa sa'ad da ya ke mayar da ita kube, allura ba ta da hanyar ja da baya, kunama kuma ba za ta ƙarasa ba, shi kuwa zai ji motsin a yatsansa. Watau dai dabarar tsofaffin nan ce aka dawo da ita. Masu soke bindiga a gaban ƙugu sun fi kowa son sa, domin a nan bakinta yana kusa da babbar jijiyar jini ta cinya, wadda in ta tsinke mutum ya kan rasu cikin 'yan mintoci.

Masu suka kuwa suna cewa duk abin da aka ƙara wa bindiga wani abu ne da zai iya karyewa ko ya tara ƙura, kuma rundunoni da yawa ba su yarda jami'i ya canja kome a jikin bindigar gwamnati ba. Har ila yau marfin ba ya aikin kome in mutum ya manta bai ɗora yatsa ba.

A Nijeriya maganar ta fi shafar 'yan sanda da soja, waɗanda 'yan Arewa da yawa su ke cikinsu a Legas da sauran biranen Kudu. Dokar bindigogi da ta fara aiki a 1959 ta hana kowa riƙe ƙaramar bindiga sai da lasisin Shugaban Ƙasa, dokar 1986 kuma ta hana masu gadi na kamfanoni ɗaukar bindiga.

Abin da masu yabon waɗannan kaya da masu sukarsu suka haɗu a kai shi ne, babu wata gaggawa wajen mayar da bindiga. A fid da yatsa daga kunama, a janye riga gefe, a dubi bakin kube da ido, a tura a hankali. In an ji wani abu ya tokare, a tsaya a duba, kada a danna da ƙarfi. Rigakafi dai ya fi magani.