Bayani A Kan Jarin Likitoci Masu Koyarwa, Da Rabon Attajiran Kano A Cikinsa

 Muna nufin yau mu yi bayani a kan waɗansu mutane waɗanda kowa ya san ƙofarsu ran da ciwo ya tsananta, amma kaɗan ne suka san abin da ke riƙe da iliminsu. Su ne likitocin da ke koyarwa a Jami'ar Bayero, suna kuma duba marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, da sauran manyan asibitocin birni, kamar na Murtala da na Nassarawa.

Ku sani kowane ɗayansu kaya uku ke bisa kansa. Na farko duba majinyata, na biyu karantar da ɗalibai, na uku bincike, watau bin diddigin cuta da magani har a gano abin da ba a sani ba a da. Kaya biyu na farko albashi yana ɗauke da su. Amma na uku sai da jari, kamar yadda fatauci ba ya yiwuwa sai da shi. To, ina jarin nan ke fitowa, kuma me ya shafi mai rumfa a Kantin Kwari ko mai majema a Challawa? Ga bayanin.

Matakan da likita ke hawa

Ɗalibin likita yakan yi shekara 6 a jami'a. In ya fita ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manya, ya yi wata shekara ta bautar ƙasa. Sa'an nan ya zaɓi fanni ɗaya, ko na yara, ko na mata, ko fiɗa, ko ciwon ciki, ya sake durƙusawa shekara biyar ko shida yana koyo, har ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ko ta takwarorinta na Afirka ta Yamma. Wannan ita ce ijazarsa. Da ita jami'a ke ɗaukarsa malami, asibiti kuma ya ba shi gadaje da majinyata.

Daga nan sauran matakai uku: babban malami, mataimakin farfesa, sa'an nan farfesa, wanda Hausawa ke ce wa shehun malami. Tsakanin mataki da mataki akan yi shekara uku ko fiye. Amma daɗewa kaɗai ba ta ɗaga mutum. Sai ya kawo takardun binciken da ya yi, waɗanda aka buga a mujallun ilimi bayan waɗansu masana sun tace su. In zai hau matakai biyu na ƙarshe, akan aika da rubuce-rubucensa ga shehunan waɗansu jami'o'i, su auna su a asirce, su ce ya isa ko bai isa ba. Malaman zaure ba za su ga baƙon abu a nan ba, gama su ma ba su karɓar magana sai sun san wanda ya faɗe ta da wanda ya shaide ta.

Ashe ke nan likitan da bai sami kuɗin bincike ba ya tsaya cik, kome ƙwarewar hannunsa. Kuma binciken yana da ci. Akwai sayen sinadaran awon jini, da firji da man injin da zai hana su lalacewa in wuta ta ɗauke, da ladan ma'aikatan da za su bi majinyata gida-gida shekara da shekaru, da kuɗin motar uwar da za ta riƙa kawo ɗanta awo, har da kuɗin buga sakamakon. Albashin malami ba ya ɗaukar wannan.

Rijiyar gida

Babbar rijiyar da malaman jami'a ke ɗiba a ƙasar nan ita ce asusun da ake kira TETFund. Asalinsa dokar 1993 ce, wadda ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi, kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka sake dokar, aka keɓe asusun ga manyan makarantun gwamnati kaɗai. Harajin ya hau zuwa kashi 2 da rabi bisa dokar 2021, ya kai kashi 3 a 2023. Sa'an nan dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da waɗansu haraji, ya zama harajin raya ƙasa na kashi 4, rabinsa na wannan asusu.

Asusun yana da ƙofofi. Akwai ƙaramin tallafi da malami ke nema ta hannun jami'arsa, wanda ya dace da mai fara bincike. Akwai babban asusun bincike na ƙasa, inda malamai daga ko'ina ke gasa, kowa ya rubuta abin da zai bincika da abin da zai kashe, alƙalai su zaɓa. A 2021 an ware masa naira biliyan 8 da rabi. Akwai kuma kuɗin ƙaro karatu da na halartar taron masana. A ƙarshen 2024 asusun ya ba da sanarwar dakatar da tura sababbin malamai karatu ƙasashen waje, saboda tsadar canji da kuma waɗanda suka tafi ba su komo ba.

To, a nan ne maganar ta iso Bompai da Sharaɗa da Challawa. Bompai, a ƙasar Nassarawa, ita ce unguwar masana'antu ta fari a Kano, sauran biyun suka biyo baya. A cikinsu aka yi masaƙu da majemu da ma'aikatun roba da alewa da man gyaɗa. Duk kamfanin da ya ci riba a can ya biya haraji, wani abu daga cikin ribar ya gangara ɗakin bincike. Da masana'antu da yawa suka rufe tun daga shekarun 1980 da 1990, saboda ƙarancin wuta da kwararowar kayan waje, ba leburori kaɗai suka yi hasara ba. Gudummawar Kano ga rijiyar ilimi ita ma ta ragu. Injin da ke juyawa a Sharaɗa da madubin likita a asibiti igiya ɗaya ta ɗaure su.

Rijiyar waje, da abin da ta haifar

Rijiya ta biyu ta ƙetare ce, kuma ta fi zurfi. Bari mu kawo misali biyu, domin a ga abin da likitocin Kano suka yi da suka sami jari.

Na farko ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila. An ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya, kuma in ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki tun yana yaro. A ƙasashe masu wadata, yaron da awo ya nuna yana cikin haɗari akan riƙa ƙara masa jini kowane wata. Wannan kuwa ya fi ƙarfin yawancin iyaye a nan. Sai likitocin asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da na Barau Dikko a Kaduna suka haɗa kai da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, da kuɗin hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Suka riƙa auna gudun jini a jijiyoyin kan yara da na'ura, suka ware 220 masu haɗari, suka ba su ƙwayar da ake kira haidiroksiyuriya, rabi kaɗan, rabi matsakaici. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ƙaramin ma'aunin ma yana tsare yaro kamar matsakaicin. Watau an sami hanyar da talaka zai iya bi.

Na biyu zubar jini bayan haihuwa, wanda ya fi kome kashe mata masu jego. A da ungozomar asibiti da ido take ƙiyasta jinin, sau da yawa kuwa ido yakan raina shi har lokaci ya ƙure. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ita ta shugabanci ɓangaren Nijeriya na wani babban gwaji da aka yi tare da Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya, da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates. An yi shi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Dabarar ita ce a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, jinin ya taru a gan shi, in ya kai haddi a yi mata dukan magunguna gaba ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Da aka buga sakamakon a 2023, sai aka ga mummunar zubar jini da abin da ke biyo ta sun sauko daga mace 43 cikin 1,000 zuwa 16.

Fa'idar irin wannan aiki ba ta tsaya ga majinyata ba. A inuwarsa ƙananan likitoci ke koyon yadda ake tsara bincike da lissafinsa da rubuta takardar neman tallafi, kamar yadda yaron attajiri ke koyon ciniki a rumfar ubangidansa kafin a yaye shi. Don irin wannan reno ne aka kafa cibiyar nazarin lafiyar al'umma a Jami'ar Bayero da tallafin Bankin Duniya a 2019.

Aibin dogara ga rijiyar wani

Amma fa mai guga a rijiyar wani ba shi da iko da ranar da za a rufe ta. A 2025 gwamnatin Amurka ta yanke taimakon da take bai wa ƙasashen waje, ta rushe hukumarta ta USAID, ayyukan lafiya da yawa a Afirka suka tsaya ba shiri. Wannan ɗaya.

Na biyu, amana. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji na yara 200 a Asibitin Zana, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Tun 2007 ƙasar nan tana da ƙa'idar da ta wajabta kwamitin ɗa'a ya duba kowane bincike, kuma a nemi yardar mutum da harshen da yake ji. Amma ƙa'ida ba ta tsare kanta. Masu tsare ta su ne likitocin gida ƙwararru, waɗanda za su iya duban baƙo su ce masa wannan ya halatta, wannan bai halatta ba.

Na uku, mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya. Ruwan majemu, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam da ake jima da shi, yana fita daga Sharaɗa da Challawa ya shiga kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara, masu lambu suna ban ruwa da shi. Me yake yi wa ƙodar mai cin ganyen bayan shekara ashirin? Me ƙurar auduga da hayaƙin roba ke yi wa huhun lebura? Amsar tana bukatar a bi mutane ɗaruruwa ana auna su shekaru da yawa. Wanda ke zaune a London ko Washington ba wannan ne ya dame shi ba. Tambayar Kano ce, sai kuɗin Kano.

Ga kuma ƙaura. Likitan da ya ƙware, in ya ga ba ɗakin bincike, ba hanyar hawa, sai ya ɗauki jakarsa ya nufi Ingila ko Saudiyya. Shekara goma sha uku ko sha huɗu da aka yi ana renonsa wasu su ci amfaninta, ɗaliban da zai karantar kuma su rasa malami.

Abin da attajirai za su iya

Attajiran Kano ba su yi rowa ga asibiti ba. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata ya ba asibitin Malam Aminu Kano sashen wankin ƙoda da sunan mahaifinsa, waɗansu kuma sun gina ɗakuna sun sayi na'urori. Allah ya saka musu. Sai dai hannu ya fi saurin miƙuwa ga gini, don ido yana ganinsa. Alhali gini ba ya gano magani, sai mutumin da ke cikinsa.

Hanyar kuwa sananniya ce gare mu, ita ce wakafi. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da wakafi ya rayu, ana jinya ana karantar da likitanci a cikinsa ƙarni bayan ƙarni. A Ingila wani attajirin magunguna, Henry Wellcome, da ya rasu a 1936, ya bar dukiyarsa amana don binciken lafiya, ga shi har yau ribarta tana ciyar da masu bincike, har da na Afirka. A ƙasarmu ma neman ilimin magani ba baƙo ba ne, gama Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi talifi a kan ciwon ido da basir.

Saboda haka ga shawara. Masu masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da 'yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau, su tsayar da wakafi, ko rumfuna ne ko gidajen haya, a riƙe asalin, a ci ribar. A sa amintattu daga malamai da attajirai su tsare dukiyar, a bar wa masana zaɓen wanda ya cancanta, ba don ɗan wane ne ba. A fifita ƙananan likitoci a shekarunsu na farko, gama tallafin fari shi ne mai wuyar samu. Wanda ya yi aiki ɗaya mai kyau, manyan asusai na gida da na waje sukan buɗe masa ƙofa. A kuma yi sharaɗi tun farko cewa mai bayarwa ba shi da hannu a sakamako, ko da binciken ya nuna aibin magudanar ma'aikatarsa. Kowace shekara a karanta lissafi a bainar jama'a, a bayyana abin da aka gano da Hausa.

Malamai kuma nasu aikin shi ne su fahimtar da jama'a cewa ciyar da mai neman sanin cuta yana cikin taimakon majinyaci, har wanda ba a haifa ba tukuna. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya yi wa kasuwa albarka, ya sa mu dace. Wassalam.