Shirin Musamman: Faffaɗan Allon Kwamfuta da Linux, Me Ke Sa Hoto Ya Baje?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau maganar allon kwamfuta za mu yi, faffaɗan nan da ya kori tsohon mai ƙeya daga shagunanmu, da wata matsala da takan taso idan aka jona shi da kwamfutar da ke aiki da Linux. Mai gyaran kwamfuta, da mai shagon buga takardu, da ɗalibi, da malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta na makaranta, ku matso kusa da rediyo. Mai biro da takarda ya ajiye su a gefe, akwai abin rubutawa a gaba.

Ga yadda abin yake. Ka sa wa kwamfuta wani nau'in Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, ta tashi lafiya lau. Da ka dubi allo sai ka ga hoto ya baje. Fuskar mutum ta yi faɗi, da'ira ba ta fita da'ira ba, rubutu ya yi dishi-dishi, kafin rabin awa ido ya fara ruwa. Ka shiga wurin saiti don ka gyara, sai ka tarar da zaɓi biyu ko uku kacal: 1024 da 768, ko 800 da 600. Lambar da allonka ke bukata babu ita. A nan mutane kan yi saurin yanke hukunci. Wannan ya ce allon ne ya lalace, wancan ya ce Linux ce ba ta da kirki. Sau da yawa kuwa dukansu lafiyarsu ƙalau, magana ce kawai ta katse a tsakaninsu.

Batun ya ƙara muhimmanci tun da kamfanin Microsoft ya dakatar da tallafin da yake bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, alhali ƙarfinsu na nan. Irinsu ne suka cika shagunanmu da makarantunmu, na hannu da ake saukewa a Computer Village da ke Ikeja, su biyo mota zuwa Kano da Kaduna da sauran garuruwa. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, tana ƙara wa irin waɗannan kwamfutoci shekaru, kuma ba a biyan ko kwabo. Abin takaici ne mutum ya zo har bakin wannan alheri ya juya saboda hoto ya baje.

(KIƊA)

Bari mu fara da shi kansa allon. Allon zamani, falalen nan, an jera masa ƙananan ɗigogi masu haske tun daga masana'anta, kuma yawansu ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Faffaɗan allo mai inci 19 galibi yana da ɗigo 1440 a kwance da 900 a tsaye, jimla 1,296,000. Mai inci 18 da rabi yakan zo da 1366 da 768, mai inci 22 na da kuwa 1680 da 1050, na bayan nan da yawa 1920 da 1080. Wannan shi ne ma'auninsa na asali, kuma da shi kaɗai hoto ke fita tas.

To idan kwamfuta ta aiko da 1024 da 768, wato ɗigo 786,432, dole allon ya ja hoton ya cike gurbin da ya rage. Kowane ɗigo sai a shafa shi a kan ɗigo ɗaya da wani abu, gefen haruffa ya narke. Dishi-dishin ke nan. Sannan tsarin 1024 da 768 na tsohon allo ne, mai faɗi huɗu tsayi uku. Idan aka shimfiɗa shi a kan mai faɗi 16 tsayi 10, komai zai ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin biyar. A kan mai 16 da 9 kuwa, kashi ɗaya cikin uku. Mai zanen katin biki ko tambarin kamfani ya san irin ɓarnar da wannan zai yi masa.

Yaya kwamfuta ke sanin ma'aunin allo tun farko? Allon ne da kansa yake faɗa mata. A 1994 ƙungiyar VESA, wadda ke tsara ƙa'idojin alluna, ta fitar da wani tsari mai suna EDID. A cikin kowane allo akwai 'yar ƙaramar ma'ajiya da ke ɗauke da bayani mai girman bayit 128 a tsarinsa na farko: sunan kamfani, samfuri, shekarar ƙira, girman fuska, da ma'aunin da ya fi so. Da an jona waya, kwamfuta ta tambaya, allo ya amsa. Kamar dai ka kai wa tela yadi ne. In ka ba shi awonka zai ɗinka maka daidai jikinka, in kuwa awon bai iso ba sai ya yi ɗinkin da ya san kowa zai iya zurawa. Ɗinkin kowa-da-kowa a duniyar kwamfuta shi ne 1024 da 768.

Saboda haka tambayar ita ce: a ina awon ya maƙale?

Wuri na farko, kuma wanda aka fi rainawa, shi ne waya. Wayar VGA, mai shuɗin kai da kusoshi biyu na murɗawa, kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, tana da tsinke 15. Hoto yana bi ta wasu tsinkayen, shi kuwa bayanin EDID yana bi ta na 12 da na 15. Idan ɗayansu ya lanƙwashe ko ya karye, hoto zai ci gaba da zuwa, amma allo ya zama bebe. Akwai kuma wayoyi masu arha da ba a ma haɗa waɗannan biyun a cikinsu ba. Haka wasu na'urorin da ke raba hoto zuwa alluna biyu, da wasu 'yan mahaɗan da ke juya HDMI zuwa VGA, sukan haɗiye bayanin a hanya. Shawarata a nan ba ta da kwana: kafin ka taɓa wani saiti, zare wayar, duba tsinkayen a haske, ari wata mai kauri ka gwada, ka jona ta kai tsaye babu mahaɗi. Idan allo da kwamfuta duka suna da ramin DVI ko HDMI ko DisplayPort, ka bar VGA gaba ɗaya. Bayan ka sauya, kashe kwamfutar ka sake kunnawa da allon a kunne.

(KIƊA)

Wuri na biyu shi ne direba, wato 'yar manhajar da ke magana da injin hoto na kwamfuta. A nan akwai tarihin da ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda buɗaɗɗiyar manhaja ke warware matsalarta.

Wajen 2005 zuwa 2006, lokacin da kwamfutocin tafi-da-gidanka masu faffaɗan allo suka fara yawa, masu amfani da Linux a Turai da Amurka da Asiya sun sha wuya. Direban injin hoto na Intel a wancan zamani ba ya saita allo da kansa. Yakan duba wani jeri ne da masu ƙira suka ajiye a cikin kwamfutar, ya zaɓa daga abin da ya tarar. Kamfanoni da dama kuwa ba su sa faffaɗan ma'auni irin 1280 da 800 a jerin ba, domin direban Windows bai dogara da shi ba. Sai masu sa kai suka rubuta 'yar manhaja mai suna 915resolution. Aikinta shi ne duk lokacin da aka kunna kwamfuta ta shiga kwafin jerin nan da ke cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, ta goge wani ma'auni da ba a bukata, ta rubuta wanda ake so a gurbinsa. Dabara ce ta toshe ɓaraka, amma ta ceci mutane masu ɗimbin yawa.

Maganin dindindin ya biyo baya. A 2007 aka fitar da sabon direban Intel mai saita allo da kansa, tare da sabon tsarin RandR, wanda Keith Packard na cikin jagororin gina shi, mai barin mutum ya sauya ma'auni ko ya ƙara allo ba tare da ya kashe komai ba. A watan Maris na 2009 kuma, da fitowar Linux 2.6.29, aikin saita allo ya fara komawa cikin zuciyar Linux kanta. Shi ya sa a yau, in waya na da kyau, akasarin kwamfutoci masu injin Intel ko AMD ke kama ma'aunin asali tun kunnawar farko. Wanda ya gwada Linux shekaru ashirin da suka wuce ya gudu, ya dawo ya sake gwadawa.

Abubuwa biyu ne suka rage a ɓangaren direba. Mai injin NVIDIA ya duba wurin ƙarin direbobi a Ubuntu ko Mint, ya sa wanda aka ba da shawara. Na biyu wata kalma ce, nomodeset. Masu gyara sukan ƙara ta a umarnin tayar da kwamfuta idan allo ya yi baƙi lokacin sa Linux, sai a gama aiki a manta da ita. Muddin tana nan, ta ɗaure wa direba hannu, kuma babu wayar da za ta gyara hoton. A cire ta.

(KIƊA)

Yanzu ga inda biro zai yi aiki. A ce waya lafiya, direba lafiya, amma allon ya tsufa, ma'ajiyarsa ta daina amsawa. Linux tana ba ka damar ka faɗi awon da kanka.

Da farko duba lambar samfuri a bayan allon, ka nemo ma'auninsa na asali. Kada ka yi ƙiyasi. Sannan buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, ka rubuta xrandr, wato x, r, a, n, d, r. Za ta nuna maka sunan ramin da allon ke jone, misali VGA-1. Rubuta shi a takarda. Sai ka rubuta cvt, ka bar fili, 1440, fili, 900, fili, 60. Kwamfuta za ta ba ka layi biyu, a na biyun kuma lambobin da ke bayan sunan ma'aunin sun fara da 106.50.

Waɗannan lambobi suna da ma'ana, kuma sanin ta na cire tsoro. A ciki za ka ga 1440, can gaba ka ga 1904. Za ka ga 900, ka ga 934. Ƙarin nan gado ne daga tsohon allo mai ƙeya, wanda ke zana hoto da tsinken haske layi bayan layi. Idan ya kai ƙarshen layi yana bukatar ɗan lokaci ya komo farko, don haka ake bar masa sarari. Ninka 1904 da 934, ka sake ninkawa da sau 60 a daƙiƙa, za ka samu miliyan 106 da 'yan kai. Saurin aika ɗigogi ke nan, shi ne lambar farkon layin.

Umarni uku suka rage, duka da xrandr suke farawa, kuma kowace kalmar umarni ana sa mata karan ɗori biyu a gabanta. Na farko newmode, ka manna layi na biyu da cvt ta ba ka, ban da kalmar Modeline da ke farkonsa. Na biyu addmode, ka sa sunan ramin da sunan sabon ma'aunin. Bayan haka ma'aunin zai bayyana a wurin saiti, ko ka kira shi da umarni na uku, output. Idan wayar VGA ce, danna maɓallin Auto da ke jikin allon don ya daidaita gefuna.

Mai allon 1366 kada ya ruɗe idan cvt ta ba shi 1368. Tsarin yana aiki ne da lambobin da takwas ke rabawa, bambancin ɗigo biyu ne kawai.

Idan allon ya yi baƙi ya rubuta cewa abin ya fi ƙarfinsa, kada hankalinka ya tashi. Wannan saiti ba ya zama, da ka kashe ka kunna ya tafi. A da can, tsofaffin alluna masu ƙeya sukan iya lalacewa idan aka tura musu saurin da ya wuce ƙima, shi ya sa tsofaffin ma'aikata ke jin tsoron wannan layi. Falalen allo ƙin nunawa kawai yake yi. Gwada cvt da ƙaramar r a gabanta bayan karan ɗori ɗaya, tana rage sararin nan na gado: a 1920 da 1080 saurin yakan sauko daga 173 zuwa 138 da rabi. Sai ka tabbatar hoto ya fita tas sannan ka adana umarnin a fayil mai suna xprofile, da ɗigo a farkon sunan, cikin babbar jakar mai amfani, don ya riƙa aiki duk kunnawa.

Gargaɗi ɗaya. Wannan hanya ta tsohon tsarin nuna hoto ce mai suna X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, kuma Linux Mint na tafiya a kansa. Ubuntu ta koma sabon tsari mai suna Wayland tun fitowarta ta Afrilun 2021, Fedora kuwa, wani nau'in Linux, tun 2016. A kan Wayland xrandr ba ta ƙara ma'auni. A can ana rubuta shi ne a fayil ɗin GRUB mai tayar da kwamfuta: kalmar video, alamar daidai, sunan rami, alamar ɗigo biyu, sai ma'aunin, sannan a sabunta GRUB. Wannan fayil ne da kuskure a cikinsa kan hana kwamfuta tashi, don haka sabon shiga ya nemi wanda ya saba ya zauna kusa da shi, kuma a ajiye kwafi kafin a taɓa.

(KIƊA)

Kira na ga masu gyara na kasuwanninmu: don Allah ku ajiye wayar VGA guda mai kyau a shago, wadda kuka tabbatar tsinkayenta 15 duka suna aiki. Kafin ku ce wa mai kaya allonsa ya mutu, ko ku goge masa Linux, ku gwada da ita. Kuɗin allo ba ƙaramin abu ba ne a wurin ɗalibi ko mai ƙaramin shago, gwajin kuwa bai wuce minti biyar ba.

A nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. 

(KIƊAN RUFE SHIRI)