Shekarar da Aka Hana Jami'ar SMU Buga Ƙwallo

A Amurka, ƙwallon jami'o'i, wato irin tasu da ake runguma a hannu a ruga da gudu, harka ce ta maƙudan kuɗi. Filin wata jami'ar kan ɗauki 'yan kallo sama da dubu 100, gidajen talabijin na zuba miliyoyin daloli, koci na kwasar albashin da ya fi na shugaban jami'a. Amma shekara da shekaru dokar hukumar NCAA mai kula da wasannin ta ce yaron da ke shan karo a fili kada a ba shi ko sisi, sai kuɗin makaranta da masauki da abinci. A irin wannan tsari, ai dole kuɗi ya bi ta bayan fage.

Jami'ar Southern Methodist da ke Dallas a jihar Texas, wadda aka fi sani da SMU, ita ce ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta. Attajiran da suka yi karatu a can ne suka buɗe asusun ɓoye suna sayo zaratan yara. An kama jami'ar a 1985, aka ja mata kunne, ta yi alkawarin dainawa. Ba ta daina ba. A Nuwamban 1986 wani tsohon ɗan wasanta, David Stanley, ya fito a tashar talabijin ta WFAA ya ce dala 25,000 aka ba shi ya sa hannu, sannan ana biyansa wata-wata. Aka nuno ambulan ɗin da ake aiko kuɗin, ga haruffan sunan wani jami'in sashen wasanni a jiki. Nan asiri ya tonu. Bincike ya gano an raba wa 'yan wasa 13 kusan dala 61,000.

Ranar 25 ga Fabrairun 1987 NCAA ta soke kakar wasannin SMU ta shekarar ɗungurungum, hukuncin da Amurkawa ke kira hukuncin kisa. Jami'in da ya sanar da shi, David Berst, yana gamawa ya yanke jiki ya faɗi. Masu farautar 'yan wasa daga wasu jami'o'i suka yi dafifi a harabar makarantar, kowa na jan nasa. SMU ba ta iya haɗa ƙungiya a 1988 ba, kuma cikin shekara 20 da suka biyo baya sau ɗaya tak ta ci wasanni fiye da waɗanda ta sha kashi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun Bill Clements. A Maris na 1987, yana gwamnan Texas, ya amsa da bakinsa cewa lokacin da yake shugabantar majalisar gudanarwar jami'ar sun amince a ci gaba da biyan yaran, wai don an riga an yi musu alkawari. Ya nemi afuwa, ya ci gaba da zama a kujerarsa har 1991. Ɗalibai da 'yan wasan da ba su karɓi komai ba su ne suka kwana a ciki.

Tun daga nan NCAA ba ta sake yi wa wata babbar ƙungiyar ƙwallo irin wannan hukunci ba, kuma dokar kanta ta yi ta zaizayewa. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yi wa hukumar hukunci a kan ƙayyade tallafin karatun 'yan wasa, a shekarar kuma aka ba su damar samun kuɗi da sunansu ta hanyar talla. Ɗan wasa Reggie Bush, wanda ya mayar da kofin Heisman na gwarzon ɗan ƙwallon jami'o'i a 2010 saboda alherin da shi da iyayensa suka karɓa, an dawo masa da abinsa a 2024. Daga 2025 jami'a na iya raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20 a shekara, a bainar jama'a. Ita ma SMU, da ƙarfin aljihun attajiranta, ta shiga rukunin manyan ƙungiyoyin jami'o'i na ACC a 2024, kuma a kakar farko ta samu gurbi cikin ƙungiyoyi 12 da suka fafata neman kofin ƙasa.